Daren da na ƙwace wayar ɗana



Kwana uku a jere ɗana mai shekara 15 bai fito sallar asuba ba. A dare na huɗu na leƙa ɗakinsa wajen ƙarfe biyu, na tarar da hasken waya a fuskarsa, yana kallon TikTok. Na fizge ta na kulle a akwati, na kwanta ina ganin na sauke nauyin da aya ta 6 ta Suratut Tahrim ta ɗora mini. Bayan mako biyu maƙwabci ya shaida mini cewa kullum yaron yana fada, ana shan shayi, da wayar aboki a hannunsa. Ashe nesanta shi da idona kawai na yi.

Sai na tuna yadda Luƙman ya yi wa ɗansa nasiha, da kira mai taushi kafin umarni. Bayan isha na shimfiɗa tabarma, na miƙa masa wayar, na ce: "Ɗana, koya mini abin nan." Ya daɗe yana kallona kafin ya saki jiki. A nan na ji abin da tsawa ba ta taɓa fito da shi ba: an yaɗa hoton wata ƴar ajinsu a rukunin WhatsApp, har ta daina zuwa makaranta, shi ma ya tura wa mutum biyu. Na karanta masa aya ta 12 ta Suratul Hujurat kan giba da bin diddigin mutane, na faɗa masa cewa tun 2019 Nijar na da doka kan laifukan intanet, ƙaramin yatsa na iya kai mutum gaban alƙali.

Ya sunkuyar da kai, sannan ya ce: "Baba, muryoyin da kake turawa rukunin masallaci fa, kana bincikawa?" Wallahi ban sami amsa ba, alhali aya ta 6 ta wannan surar ta umarce mu da tantance labari.

Kai ma, ɗan'uwa, yaushe rabonka da zama da naka? Mu dai yanzu wayoyinmu biyu a falo suke kwana, tawa da tasa. Jiya mahaifiyarsa ta raka shi gidan yarinyar, ya nemi gafara. Ba ta koma makaranta ba tukuna. Ku sa ta a addu'a.