Daren da Alau Ta Ɓalle

Mutanen Maiduguri sun daɗe da sanin tsoro. Tun daga 2009 kunnuwanmu suka iya bambance ƙarar bindiga da ta bam, muka san lokacin da ake kwanciya a ƙasa da lokacin da ake kulle ƙofa a yi shiru. Ruwa ne kaɗai ba mu taɓa sa shi cikin abokan gaba ba. Kogin Ngadda maƙwabcinmu ne a Gwange, yakan cika da damina, ya janye da rani yara su yi ƙwallo a cikinsa. Manya kan ba da labarin ambaliyar 1994, amma shekara talatin ta isa ta mayar da masifa hira.

A farkon Satumbar 2024 kogin ya yi ta hauhawa. Masu gidaje a bakin gaɓa suka jera buhunan yashi, wasu suka kwashe kaya. Kowa ya san madatsar ruwa ta Alau, wadda aka gina a shekarun 1980 don noman rani da ruwan shan gari, ta cika maƙil. Mu da ke ɗan nesa da kogi muka ce ba zai kawo nan ba.

Daren Litinin, wayewar Talata 10 ga wata, dare ya raba, wata ya riga ya faɗi, sai ihu ya tashi daga ƙasan unguwa: "Dam ya fashe! Ku fito!" Ina sauko da ƙafa daga gado na ji ta cikin ruwa mai sanyi. Kafin in laluɓo tocila ya haura idon sawu, yana bulbulowa ta ƙarƙashin ƙofa, ta magudanar tsakar gida, har ta bakin masai. Ni tela ne. Ina da mata da yara huɗu, ga mahaifina da ɓarin jikinsa ya shanye, ba ya iya tsayuwa. Na tsaya a tsakar gida riƙe da tocila, ina haska ɗakin Baba, in haska keken ɗinkina, in haska yara suna kuka, ƙafafuna sun ƙi ɗaguwa.

A ɗakin da ke kusa da zaure akwai wata dattijuwa da muke kira Iya. Daga Bama ta zo a 2014, lokacin da garin ya faɗa hannun 'yan Boko Haram, ita da jikanta guda, a ƙafa, ta daji. Baba ne ya ba ta ɗakin tun yana da lafiya. Ƙosai take soyawa a bakin layi, ba ta da yawan magana, kuma a idon unguwa ita abar tausayi ce, 'yar gudun hijira da aka rufa wa asiri. A daren nan ta fito da ƙunshinta ɗaure a ka, kamar ta kwana tana jiran kira. Daga baya na gane haka ɗin ne: shekara goma ba ta taɓa kwanciya ba tare da ƙunshin nan a gefen matashinta ba.

Ta dube ni sau ɗaya ta ce, "Ɗana, ajiye zancen keke. Ɗauko takardun gida da katin kowa, ka zuba a leda, ka ɗaure a kanka." Ta juya ga matata: "Ke kuma garin kwaki da sukari, da zannuwanki duka." Babban ɗana ta sa ya zubar da ruwan jarkoki ya toshe bakinsu tam. Muryarta ba ta rawa, ba ta kuma ɗaga ta ba. Da aka ba ni aiki sai jikina ya saki. Tsoron yana nan daram, amma ya koma baya, hannuna ya samu abin yi.

Ta ƙulla zannuwan baki da baki suka zama doguwar igiya. Kowane yaro ta ɗaura masa ita a ƙugu, ta ɗaura wa ƙananan jarka a ƙirji. Sannan ta kira sunan kowa, ta ce duk inda ta kira a amsa da ƙarfi, ko ruwa na bakin mutum.

Da na shiga ɗaukar Baba ruwa ya taɓa katifarsa. Ya riƙe hannuna da hannunsa mai lafiya ya ce, da harshensa da ya yi nauyi, "Ku tafi da yaran. Ni na ci zamanina. Ku bar ni da Allah." Na durƙusa cikin ruwan ina kuka, na rasa abin da zan ce wa mahaifina. Iya ta leƙo daga bakin ƙofa ta ce, "Malam, ka yi haƙuri, yau ba za a bi maganarka ba. A Bama uwar mijina ta faɗa mini haka, na bi. Har yau muryarta ba ta bar kunnena ba. Ba zan bari yaron nan ya ɗauki kayan da na ɗauka ba." Ta kwance mayafinta, ta goya mini Baba a baya kamar jariri, ta ja ɗaurin har sai da numfashina ya ɗauke.

A waje layi ya zama rafi. Babu wuta, sai hasken tocila da wayoyi, da salati daga kowace kusurwa. Awaki na shawagi, randuna da katifu na wucewa. Can baya muna jin katangun ƙasa suna zubewa ɗaya bayan ɗaya, da wata irin ƙara mai nauyi. Jama'a suna rarrafe jikin gini don samun abin dafawa, Iya ta hana mu. Ta ce kwatoci a gefe suke, a tsakiyar titi za mu bi. Ta shige gaba da muciya tana dogarawa, tana gwada ƙasa kafin kowane taku.

A wata mararraba ruwan ya kai mini ƙirji, yana tahowa da ƙarfi daga gefe. Nan ƙafar ɗiyata ta uku ta ɗauke. Na ga jarkar ta juya, kanta ya nutse, igiya ta miƙe ta fizgi sauran. Hannuwana biyu suna tallafe da Baba, in na saki ya tafi. Iya ta kafa muciyar ta yi kira, "A ja! Kowa ya ja!" Matata da babban yaron suka ja, wani saurayi da ban taɓa gani ba ya faɗo ruwan ya cafki zanin, sai ga yarinyar ta ɓullo tana tari. Iya ta kira sunanta. Ta amsa. Muka ci gaba.

Wani bene da ba a gama ginawa ba ne ya tsare rayukanmu. Mun tarar da mutane cunkushe a sama, aka miƙo hannuwa aka janye mu. Da gari ya waye muka ga abin da ya faru: iya ganinka ruwa ne ja, sai kawunan kwano da rassan darbejiya, mutane maƙale a kai. Masu waya suka fara karanto labari. Ruwa ya shiga Kasuwar Monday, wadda gobara ta cinye a Fabrairun 2023 kuma 'yan kasuwa ba su gama farfaɗowa ba. Ya shiga fadar Shehun Borno, ya shiga asibitin koyarwa. Ya rufe gadoji ya raba gari biyu. Katangar gidan yari ta faɗi, fursunoni sama da 270 sun fice. Gidan namun daji na Sanda Kyarimi ya nutse, an yi gargaɗi cewa kadoji da macizai sun bi ruwa cikin unguwanni. Da wannan labarin ya zaga, samarin da ke shirin yin iyo su nemo abinci suka koma suka zauna.

Zaman benen ya fi tafiyar daren wuya, domin a tafiya jiki na aiki, a zama kuwa zuciya ce ke cin mutum. Rana ta buɗe, ƙishirwa ta kama yara, ga ruwa ko'ina amma ya gauraye da masai da mushe. Nan ma Iya ta san hanya. Ta ce a kashe duk wayoyi a bar ɗaya, in cajinta ya ƙare a kunna wata. Ta tattara ɗan ruwan leda da ke hannun mutane ta jiƙa kwaki, ta fara da yara da masu shayarwa, cokali-cokali. Ta sa aka rataya zani a kusurwa don mata su kewaya cikin sutura. Wani magidanci da ya rabu da iyalinsa cikin duhu ya tashi zai faɗa ruwa neman su. Ba ta yi masa wa'azi ba. Ta miƙa masa jan zani ta ce ya tsaya a bakin bene ya riƙa kaɗawa, don shi ne mafi tsawo a cikinmu. Ya wuni yana kaɗawa, hawaye na zuba, kuma shi masu kwale-kwale suka hango.

Masunta ne da samarin gari, da 'yan kato-da-gora, suka yi ta jigilar mutane zuwa inda manyan motocin soja ke iya tsayawa. Aka fara da Baba da yara. Daga nan aka kai mu sansanin Bakassi, wanda gwamnati ta rufe a 2021 bayan ya yi shekara da shekaru yana ɗauke da waɗanda yaƙi ya koro. An sake buɗe shi, wannan karon don 'yan gari. Na sha wuce ƙofarsa a Keke Napep ina yi wa na ciki addu'a, ban taɓa kawo wa raina zan shimfiɗa tabarma a ciki ba. Iya ce ta nuna mini inda ake rubuta suna, da lokacin da ya kamata a shiga layin abinci, ta kuma hana yara shan duk ruwan da ba a tafasa ba. Makonni kaɗan bayan haka aka tabbatar da ɓarkewar kwalara a jihar Borno, gidanmu ba wanda ta taɓa.

An ce mutanen da ambaliyar ta raba da muhallinsu sun kai dubu ɗari huɗu. Mun koma mun tarar da ɗakuna biyu a ƙasa, laka har gwiwa, keken ɗinkina ya yi tsatsa. Mun yi jana'izar maƙwabta, akwai kuma waɗanda har yau ba a ga gawarsu ba.

Mutane kan yaba mini cewa na goyo mahaifina cikin ruwa har ƙirji. Nakan gaya musu inda ƙarfin ya fito. Iya ta saye shi da tsada a dajin Bama, da ran surukarta da barcinta na shekara goma, ta kuma raba mana shi kyauta a dare ɗaya, umarni bayan umarni. Garuruwanmu na Arewa cike suke da irinta, mata da maza da yaƙi ko 'yan bindiga suka koro, muna ba su sadaka muna wucewa, ba mu taɓa zama mun tambaye su abin da suka sani ba. Da muka tashi gyaran gida, Baba ya sa aka kira magini gabansa, ya ce ɗakin Iya za a fara ɗagawa, da bulo da siminti, kuma a rubuta a takarda cewa nata ne da jikanta.