Jijiya Biyu, Suna Ɗaya

A Hausa kowace hanyar jini jijiya muke ce mata, amma Turanci ya raba su biyu: “artery” da “vein”. Mun haddace cewa ta farko jini mai iskar oksijin take ɗauka, ta biyu kuwa maras ita. Ranar jarrabawa sai aka tambaye mu sunan jijiyar da ke kai jini huhu daga zuciya. Jininta ba shi da isasshiyar iska, don haka muka rubuta “vein”. Da yawanmu muka faɗi.

Malaminmu bai yi faɗa ba. Gonakin iyayenmu na Kura da Bunkure ya tuna mana. Ruwan madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974, ta babbar hanya yake fitowa ya rarrabu zuwa gonakin shinkafa da tumatir: wannan ita ce “artery”. Magudanar da ke kwashe ragowarsa ita ce “vein”, sai dai ta jiki zuciya take mayar da jini.

Ƙannenmu, kada ku tsaya ga hadda. Ku tambaya: daga ina jinin ya fito, ina za shi?