Zayyanar Allo a Ɗakin Mai Jego



Akwai wani al'amari da ya auku a gidana a ƙarshen shekarar 2023 wanda na daɗe ina jin nauyin ba da labarinsa, domin kuwa ni ne mai laifi a cikinsa. Amma da na lura magidanta da yawa suna faɗawa ramin da na faɗa, sai na ga ya dace in ajiye kunya in faɗi yadda aka yi, ko Allah zai sa wani ya amfana.

A Damagaram aka haife ni, a gidan liman. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, bayan limanci da karantarwa, shi ne yake yi wa almajirai zayyanar allo idan sun kai ga sauka. Yakan zauna a zaure bayan la'asar, ya ɗora allo a cinya, ga ƴan kwalabe a gefensa: baƙar tawada ta gawayi da ƙaro, sai ja, da rawaya, da kore. Ba shi da wani ma'auni sai zare. Idan zai raba gefen allo gida takwas, sai ya auna tsawonsa da zaren, ya ninka shi biyu, ya sake ninkawa, ya kuma ninkawa, sa'an nan ya ɗiga tawada a kan kowace gaɓa. Ni ne mai jiƙa ƙaro, ni ne mai riƙe bakin zare. Da na wuce madarasa na shiga kolej, mushen lissafi ya nuna mana cewa buɗewar kompa da aka zana da'ira da ita tana zagaye da'irar sau shida daidai. Na yi murmushi a raina, don Baba ya daɗe yana fitar da fure mai ganye shida da ƙusa da zare. Sai dai kash, maimakon wannan ya ƙara mini girmama sana'arsa, sai na tashi da tunanin cewa aikin hannu na wanda bai samu takarda ba ne.

Bayan na samu aiki a Yamai na yi aure, muka kama hayar ɗaki biyu. Kowa ya san halin da aka shiga daga ƙarshen watan Yuli na 2023, lokacin da aka rufe iyakoki, kayan da ke zuwa ta Kwatano da Nijeriya suka yi wuya, farashi ya hau, wutar lantarki ta zama sai an ganta. A cikin wannan hali ne mai ɗakina take ɗauke da cikin ɗanmu na biyu, ana sa ran haihuwa a watan Nuwamba. Wani dare bayan isha'i ta gaya mini cewa wata dillaliya ta nuna mata jerin kwanuka da farantai da labule da furannin roba, duka a kan jikka 85, kuma ta yarda a riƙa biya wata-wata.

Ban bari ta kai ƙarshen magana ba na buɗe mata wa'azi. Na kawo illar almubazzaranci, na kawo nauyin bashi, na ƙirga mata buhunan hatsin da kuɗin zai saya da ragon suna da ke gabanmu. Ta saurare ni har na gama, kanta a sunkuye. Sa'an nan ta ce, "Malam, duk abin da ka faɗa gaskiya ne. Amma ranar suna kai a ƙofar gida za ka zauna da maza, ku raba goro da dabino, ku shafa fatiha ku watse. Ni ce zan wuni a ɗakin nan, mata suna shigowa, kowace sai ta dubi bango kafin ta dubi jinjiri. Ka hana bashi, na ji, na bi. To me ka kawo a madadinsa?"

Ban sami amsa ba. Da ta yi barci na ɗauki tocila na haska ɗakin nan kusurwa-kusurwa, na dube shi da idon baƙuwa. Ga gwangwanayen madara da muke zuba gishiri da sukari sun fara tsatsa. Ga faya-fayi bakinsu ya zazzage. Ga randa a lungu ta yi baƙi-ƙirin. Shekara huɗu ina kwana a ɗakin ina tashi, ban taɓa ganin waɗannan abubuwa ba, alhali ita da su take wuni.

Da safe na kira Inna a waya na kai mata ƙara, ina zaton za ta goyi bayana. Sai ta yi dariya ta ce, "Auta, kana da shekara biyar aka karya darajar sefa a farkon 1994, kwanon sha ya fi ƙarfin talaka, ga bikin yayarka ya matso. Ka san wanda ya zana mana ƙoren jerenta? Ubanka ne. Cikin dare yake yi da gawayi, kada almajirai su gani, ni da gwaggonka mu bi sawun zanen da wuƙa mai zafi. Liman guda bai ji kunya ba, sai kai?" Wannan magana ta kashe mini jiki. A ranar na ba mai ɗakina haƙuri, na ce ta ba ni mako uku.

Da gwangwanaye muka fara, domin su ne mafi sauƙi, kuma ga yadda ake yi ga mai son gwadawa. A wanke gwangwani, a goge tsatsar da toka, a shanya ya bushe sarai. Idan bakinsa yana da kaifi a daddanne shi da guduma saboda hannun yara. A dama garin sitaci cokali 2 a cikin kofi 1 na ruwa, a ɗora a wuta ana juyawa har ya yi kauri kamar koko, a bari ya huce. A fara naɗe gwangwanin da takarda, domin sitaci ba ya kama ƙarfe sosai, sa'an nan a shafa shi a kan takardar a naɗa ƙyallen atamfa, a bar bakin ƙyallen ya hau kan ɗan'uwansa kamar faɗin yatsa, a kai rana. Ƙyallaye kuwa wajen telan unguwa na roƙo, ya cika mini leda bai karɓi ko dala ba. Mai ɗakina ce ta zaɓi launuka, ta ce kada su wuce iri biyu a jere ɗaya, in ba haka ba ɗaki ya koma rumfar ƴan gwanjo. Ni kuma na yanka farar takarda na rubuta sunan abin da ke cikin kowane gwangwani da ajami, na kewaye shi da ƴar zayyana irin ta Baba, na manna da ƙaro. Shi ƙaro ana jiƙa awo ɗaya a ruwa awo biyu, ya kwana, a tace.

Daga nan sai ƙore. Lokacin kaka ne, sababbi sun shigo kasuwa, na sayo guda shida busassu marasa tsaga. Na zagaye bakin kowace da zare, na ninka sau uku, na sami gida takwas, na ja layuka da fensir: tsani, da dara, da fure mai ganye shida a gindi. Ban zana tsuntsu ko dabba ba, domin tarbiyyar gidanmu ba ta san zanen mai rai ba, kuma zayyana ta wadatar. Ana sa tsofaffin wuƙaƙe biyu a garwashi, ana aiki da ɗaya ɗayar tana ɗaukar zafi, a bi layin fensir a hankali ba tare da dannawa ba. A yi shi a tsakar gida saboda hayaƙi, a kuma nisanta yara. Ƙwaryar farko na huda ta, ta biyu layinta ya karkace, sai a ta uku hannuna ya tuna abin da ya koya a zaure. Idan an gama a shafa man gyaɗa ko man kaɗe a bayanta, zanen ya fito baƙi a kan ruwan zuma. Wadda za a sha fura a cikinta sai an jiƙa ta kwanaki ana sauya ruwa har ɗacin ya fita, kuma kada a kuskura a sa mata fenti a ciki, domin akwai fentin da ke ɗauke da dalma, guba ce ga yara musamman.

Faya-fayi aikin mai ɗakina ne. Ta datse bakin da ya zazzage, ta ɗaure shi da zaren ulu ja da baƙi da basilla, ɗinki kusa da ɗinki, har tsohon faifai ya koma kamar na amarya. Wata maƙwabciyarmu dattijuwa ta nuna mata yadda ake tafasa ƙaran dafi da ƴar kanwa a tsoma kaba ta fito ja, suka saƙa ƙananan marufai huɗu tare. A waɗannan darare, muna zaune a tabarma ɗaya da fitila a tsakaninmu, mun yi hirar da ba mu yi irinta ba tun muna ango da amarya.

Sai kuma randa, inda na tafka kuskure. Na ga ragowar fentin mai a wajen wani abokina, na shafe bayanta da shuɗi tun daga wuya har gindi, ina ta alfahari. Kwana biyu mai ɗakina ta miƙo mini moɗa ta ce in ɗanɗana. Ruwa ɗumi kamar an ɗauko shi daga rana. Ashe sanyin randa daga ƴan ƙananan ƙofofin jikinta yake: ruwa yana tsattsafowa, iska tana busar da shi, yana tafiya da zafin. Ni kuwa na toshe ƙofofin duka. Dole muka mai da ita mazubin gero, na sayo wata daga cikin tukwanen Bubon, waɗanda matan garin suke yi wa ado da farar ƙasa da ja tun kafin gashi. Wanda yake son ƙawata randarsa ya tsaya a wuya kawai, da farar ƙasa ko jar ƙasa da aka dama da ɗan ruwan ƙaro.

Allah Ya sauke ta lafiya, aka sami ɗa namiji, na sa masa sunan Baba. Ranar suna ina ƙofar gida amma hankalina yana ɗaki. Da yamma ta ba ni labari. Ba zan ɓoye muku ba, akwai wadda ta taɓe baki ta ce ashe abin ya kai ga gwangwani. Akwai kuma wata gwaggonta da ta hango rubutun ajami a jikin gwangwanin da aka sauke ƙasa, ta yi salati, ta ɗauke shi da hannu biyu tana faɗa a kan wulaƙanta sunan Allah, har sai da wata yarinya ƴar madarasa ta karanta mata: gishiri. Aka yi ta dariya. Amma ni na ɗauki darasi daga tsohuwar nan, domin Baba ma bai taɓa yarda a rubuta aya a kan abin da za a ajiye ƙasa ko a taɓa da hannu mai maiƙo ba. Tun daga ranar gwangwanayen ba su sake sauka daga kanta ba. Mata uku sun tambayi inda aka sayo ƙoren. Mai ɗakina ta ce musu, "Malam ne ya yi." Ta ce mini ba ta taɓa faɗin wata magana da ta yi mata daɗi a baki kamar wannan ba.

Duk abin da muka kashe, har da randa da labule ɗaya da na saya kuɗi hannu, bai kai jikka 20 ba. An buɗe wasu iyakokin daga baya, kaya sun dawo kasuwa, kuma da Allah Ya hore na saya mata kwanukan da take so ba tare da bashi ba. Amma ƙoren suna nan a saman jere, ita ta zaɓa musu wurin.

Ya ku ƴan'uwana magidanta, ba ina cewa kowa ya zama masassaƙin ƙwarya ba ne. Abin da nake cewa shi ne, ɗakin mace mutuncinta ne a idon ƴan'uwanta mata, kuma son ta gan shi da kyau ba kwaɗayi ba ne. Idan aljihunka ya gaza, ka hana ta bashi, to hanin nan rabin aiki ne, sauran rabin yana hannunka. A cikinmu akwai wanda ya iya ɗinkin hula, da wanda ya iya saƙar igiya, da wanda ya iya rubutu mai kyau, da wanda ya taso yana kallon zanen bangon gidajen Birni har ya haddace shi. Ku kuma iyayenmu mata, ku koya wa ƴaƴanku maza da mata saƙar faifai da zanen ƙwarya tun kuna da ƙarfin ido. Mai son ganin inda wannan aiki yake kaiwa ya leƙa wurin masu sana'ar hannu a Wadata ko gidan tarihi na Bubu Hama, ya tafi da yaransa.

Babbar ƴata yanzu ita ce mai riƙe mini bakin zare. Jiya ta tambaye ni wanda ya koya mini, na ce kakanta. Allah Ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu, Ya sanya albarka da rufin asiri a gidajenmu, Ya raba mu da bashin da ba mu iya biya. Amin.