Wane Littafin Dokar Waje Ɗalibi Zai Saya?

Ɗalibai masu koyon aikin lauya sukan sha wahala wajen zaɓen littattafan dokokin ƙasashen waje, ga tsada, ga ƙarancin kuɗi. A ganina, kafin ɗalibi ya sa hannu cikin aljihu, sai ya bincika daga ina dokar da yake karantawa ta samo asali.

Ƙasar nan ta karɓi manyan dokokin da ke aiki a Ingila ranar 1 ga Janairu, 1900, saboda haka littattafan Ingila ba su da makawa. Amma kundayen Halsbury suna da yawa ƙwarai, wurinsu laburare, can ɗalibi zai je ya duba. Dokar laifuffuka ta Arewa kuwa, wadda aka zartas a 1959, daga Sudan aka ɗauko ta, Sudan kuma ta ɗauko daga dokar Indiya ta 1860. Ashe ke nan sharhin malaman Indiya ya fi na Turawa amfani a wannan fanni. Haka kuma tun da aka kwaikwayi Amurka wajen tsarin mulkin 1979, mai nazarinsa yana bukatar littafi guda na hukunce-hukuncen Kotun Ƙolin Amurka.

Dokar da ke tsakanin ƙasa da ƙasa ba abin wasa ba ce. A 2002 Kotun Duniya ta ba Kamaru yankin Bakasi, ta dogara ga yarjejeniyar da Ingila da Jamus suka ƙulla a 1913. Littafi ɗaya mai kyau, na Brownlie ko na Shaw, ya wadatar da ɗalibi, muddin ya karanta shi tare da sashe na 12 na tsarin mulkin 1999, wanda ya ce yarjejeniya ba ta zama doka a nan sai Majalisar Tarayya ta zartas da ita.

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma ban da littafin doka. Tsohon bugu yakan ɗauko dokar da aka soke, lauya ya kai ta gaban alƙali, wanda ya ɗauke shi aiki ya yi hasarar gonarsa ko 'yancinsa. Don haka a duba shekarar bugu kafin a tambayi farashi. A kuma tuna hukuncin kotun waje shawara ce kurum, ba ya ɗaure alƙalinmu. Allah Ya ba ɗalibanmu ilmi mai amfani.