Fuskar Agogo da Abin da ke Cikinsa

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Wannan karin magana ya dace da ɗan Adam, amma duk wanda ya taɓa zama wurin masu gyaran agogo a kasuwannin ƙasar Zazzau ya san bai dace da agogon hannu ba, domin fuskarsa abar cirewa ce a sa wata, tamkar hula.

Agogon da nake nufi shi ne mai wani, wato wanda ba ya aiki da batir, irin su Rado da Omega da Seiko, waɗanda alhazanmu suka riƙa sayowa a Makka da Jidda. Kamfanin Rado na Suwizalan ya fito da samfurin DiaStar a 1962, Seiko na Japan kuwa ya fito da Seiko 5 a 1963. A wurin manomin rake na Makarfi ko Kudan wanda ya sayar da amfaninsa ya sauke farali, irin wannan agogo shaidar wadata ce, kuma ajiya ce ta ranar buƙata.

Ita fuskar ɗan faifai ne na ƙarfe mai 'yan ƙafafu biyu a bayansa, waɗanda ke shiga ramuka a jikin inji. Kafin fuskar wani agogo ta zauna a kan wani, sai abu uku sun daidaita: faɗinta, da mazaunin ƙafafun, da tagar kwanan wata. Alal misali, yawancin Seiko 5 wurin waninsu yana kusa da lamba 4 ne, saboda haka fuskar da aka ƙera don mai wani a lamba 3 sai ta karkace. Idan haka ta faru, wasu sukan gutsure ƙafafun su liƙa ta da gam. Kamfanonin Suwizalan da yawa kuma wurin kamfanin ETA suke sayen inji, don haka musaya tsakanin agogunansu takan zo da sauƙi.

Ban ɗauki wannan al'amari da nauyi ba sai da ya shigo gidanmu a Ikara. Da kawuna ya rasu, aka sa agogonsa cikin kayan gado, aka yi masa ƙima bisa sunan da ke fuskarsa. Wanda ya faɗa a rabonsa ya kai shi kasuwar Laraba ta Makarfi, mai gyara ya buɗe murfin baya, sai ga injin wani agogo mai araha. Nan take zargi ya shiga tsakanin 'yan'uwa, kowa na kallon ɗan'uwansa da zaton shi ya yi musaya. Allah Ya taimaka dattijon mai gyaran ya nuna musu busasshen gam da tsatsar da ta daɗe, ya tabbatar musu aikin ya shekara da shekaru. Ashe marigayin ma haka ya saya.

Duk da haka ba kowace musaya ce algus ba. Tun da Seiko ya fito da agogo mai batir a 1969, masu wani suka ragu a kasuwa, kayan gyaransu suka yi wuya a karkara. Mai gyaran da ya haɗa matattun agoguna biyu ya tayar da ɗaya mai rai gwani ne, ya cancanci yabo. Abin da ya raba gwaninta da ha'inci shi ne bayani, kuma malaman fiƙihu sun wajabta wa mai sayarwa ya bayyana aibin hajarsa.

Saboda haka, ya kai mai karatu, in za ka sayi tsohon agogo, ko za a yi masa ƙima a gado ko jingina, ka sa a buɗe murfin baya gaban shaidu, a duba ko sunan da ke inji ya dace da samfurin da fuska ta ambata. Mai sayarwar da ya ƙi a buɗe ya riga ya ba ka amsa. Allah Ya kiyashe mu da cin haƙƙin juna.