Taki Biyar Na Gona

Yau ina so in ba ku labarin wata rigima da na yi. Rigimar gona ce. Ta koya mini yadda ake roƙon Allah hikima.

Ni manomi ne. Ƙauyenmu yana kusa da Matamaye, cikin ƙasar Kance, jihar Damagaram. Ni Kirista ne, yawancin dangina kuwa Musulmi ne. Tare muke zuwa suna, tare muke zuwa biki, tare muke zaman makoki.

Kai ma ka san ƙasarmu. Mutane sun yi yawa, gonaki sun yi kaɗan. Gonar da kakanmu ya noma shi kaɗai, yau gida shida ke ci a cikinta. Saboda haka taki ɗaya na ƙasa ba abin wasa ba ne a wurinmu.

Gonata tana iyaka da gonar ɗan baffana. Ubansa da ubana uwa ɗaya uba ɗaya suke. Ya girme ni, Yaya nake ce masa. Layin gamba ne ya raba gonakinmu. Akwai kuma wani babban gawo a cikin tawa, kusa da iyakar.

Da damina ta faɗi a shekarar 2015, na ɗauki sungumi na tafi shuka da yarana. Da muka isa, sai na ga an tumɓuke gambar. An dasa ta a wani wuri. Na auna da ƙafata. Taki biyar aka shigo cikin gonata, tun daga wannan kai har wancan kai. Gawon ma ya koma ɓangaren Yaya. Har ya riga ya shuka hatsinsa a wurin.

Kai! Ranar nan jikina rawa ya yi ta yi. Na ce wa babban ɗana ya je gida ya ɗauko adda. Yaron ya dube ni, bai motsa ba. Allah ya yi masa albarka.

Kafin in ci gaba, bari in gaya maka abin da ke cikin zuciyata a wannan shekara. Ran Juma'a 16 ga Janairu 2015 aka yi tarzoma a birnin Damagaram. Wata jarida ce a Faransa ta buga zanen da ya ɓata wa Musulmi rai. Masu fushi suka ƙone majami'u da gidajen Kirista. Washegari aka yi haka a Yamai. Mutum 10 suka mutu a biranen biyu. Musulmi da yawa ba su yarda da wannan aiki ba. Waɗansu ma sun ɓoye maƙwabtansu Kirista a ɗakunansu. Mu a ƙauyenmu ba wanda ya taɓa mu. Amma tun daga ranar zuciyata ta cika da tsoro da fushi. Kowa ya dube ni sai in ce da manufa ya dube ni.

Shi ya sa da na ga gambar, nan take na yanke hukunci. Na ce a raina, don ni Kirista ne Yaya ya yi mini haka. Yana ganin ba ni da mai tsaya mini.

Da yamma mutane suka yi ta zuwa da shawara. Wani ya ce in tafi da dare in tone shukarsa. Wani ya ce in wuce Matamaye in kai ƙara wurin jandarma. Wani ɗan'uwa a ikilisiya ya ce in bar masa duka, ai Kirista ba ya jayayya. Matata ta ce in na bar masa, baɗi sai ya ƙara taki biyar, yara kuma su ci me? Kowa da gaskiyarsa. Ni kuwa kaina ya ɗaure.

Na je wurin fastonmu. Dattijo ne, ba ya son yawan magana. Ya saurare ni har na gama. Sai ya ce, "Ɗana, ka yi addu'a a kai?"

Na ce, "Na yi, Baba."

Ya ce, "Me ka roƙa?"

Na ce na roƙi Allah ya kunyata Yaya, ya mayar mini da gonata.

Ya yi murmushi. Ya ce, "To, ai kai ka gama shari'ar. Ka kira Allah ne kawai ya zama ɗan sandanka." Ya buɗe Littafi Mai Tsarki, wasiƙar Yakubu, sura 1 aya 5. Ya miƙo mini, ya ce in karanta da kaina. Lokacin ban daɗe da gama yaƙi da jahilci ba. Na bi da yatsa, baƙi bayan baƙi. Ayar tana koya mana cewa wanda ya rasa hikima, Allah zai tambaya, kuma Allah ba ya yi wa mai tambaya gori.

Fasto ya ce, "Ka ba ni kwana 3. Kada ka je gonar. Kada ka yi wa Yayanka magana. Kada ka yi maganarsa da kowa. Hikima kaɗai za ka roƙa."

Ɗan'uwa, kwana ukun nan sun yi mini tsawo. Ruwa ya sauka, kowa na shuka, ni ina zaune. Da asuba nakan fita bayan rumbu in durƙusa. Addu'ata ba ta da tsawo. Cewa nake yi, "Ya Uba, ban san abin da zan yi ba. Ka nuna mini abin da ban gani ba. Ka riƙe bakina da hannuna. A cikin sunan Yesu."

Ban ji murya daga sama ba. Ban yi mafarki ba. Ga dai abin da ya faru.

Rana ta fari, sai na tuna da Sarki Sulemanu. Labarinsa yana cikin 1 Sarakuna sura 3. Allah ya ba shi dama ya roƙi abin da yake so. Bai roƙi dukiya ba, bai roƙi mutuwar maƙiyansa ba. Ya roƙi zuciyar da za ta rarrabe daidai da ba daidai ba. Kunya ta kama ni. Sarki guda bai nemi faɗuwar maƙiyansa ba, ni kuwa ina neman faɗuwar ɗan baffana.

Rana ta biyu, sai na fara ganin nawa laifin. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Tun watan Janairu ban taka gidan Yaya ba. Matarsa ta haihu, na aika da goro, ban je suna ba. Ya yi jinya, ban je dubiya ba. Shi bai ƙone majami'ar kowa ba. Ashe fushin Damagaram na ɗauko na ɗora masa.

Rana ta uku, sai wata tambaya ta zo mini. Wa ya dasa gambar nan tun farko? Yaushe aka dasa ta? Na ga ban sani ba. Na tashi na tarar da ita ne kawai. Ina shirin yin faɗa a kan abin da ban san asalinsa ba.

Mutum ɗaya ya rage a cikin iyayenmu, wato gwaggo, ƙanwar ubanninmu. Na sayi goro na tafi ƙauyen da take aure. Bayan gaisuwa na ce, "Gwaggo, ina ne iyakar gonar Baba da ta Baffa?"

Ta ce, "Gawon nan mana. Kakanku da kansa ya nuna shi."

Na ce, "To, yaya aka yi gamba ta wuce gawo?"

Ta ce, "Af, ba a gaya maka ba? Shekarar yunwa ce." Tana nufin farin 1984, lokacin ina ƙaramin yaro. Ta ce da hatsi ya ƙi, baffana ya kwashe iyalinsa ya tafi Kano cin rani. Ya bar wa ubana gonarsa ya riƙa nomawa. Ya yi shekaru bai dawo ba. Da ya dawo, ubana ya mayar masa da gona, amma aka dasa gamba gaba da gawo. Baffa ya gani, ya yi shiru, don wansa ne, kuma shi ya ciyar da tsohuwarsu a shekarun wahala.

Na koma gona na auna. Daga tsohuwar gamba zuwa gawo taki 3 ne. Daga gawo zuwa sabuwar gamba taki 2 ne. Ka gani? Taki 3 na Yaya ne tun asali. Taki 2 kuwa nawa ne, ya ci mini. Shi yana da gaskiya, ni ma ina da gaskiya. Shi yana da laifi, gidanmu ma yana da laifi.

Da na tone shukarsa da dare, da na zalunce shi. Da na kai ƙara, da an kira gwaggo ta faɗi wannan magana a gaban jama'a, in sha kunya. Da kuma na bar masa duka, da na hana yarana haƙƙinsu, in zauna ina gunaguni har in mutu. Duk shawarwarin nan uku, ba wadda ta dace. Hanyar da ta dace, sai da na durƙusa na gan ta.

A cikin Matiyu sura 18, Yesu ya koya mana mataki-mataki. In ɗan'uwanka ya yi maka laifi, ka fara zuwa wurinsa kai kaɗai. In bai ji ba, sa'an nan ka nemi mutum ɗaya ko biyu. Wannan koyarwa don ƴan ikilisiya aka yi ta, amma na ga tana aiki ko'ina.

Na bari ya sallame sallar isha'i, na je na yi sallama. Ya fito fuska a ɗaure. Na durƙusa na gaishe shi. Na ce, "Yaya, na zo neman gafara. An yi suna ban zo ba. Ka yi ciwo ban duba ka ba."

Ya daɗe bai ce komai ba. Sa'an nan ya ce, "Na ɗauka ka fita daga cikinmu ne."

Na ce, "Ban fita ba, Yaya. Na kuma je wurin Gwaggo. Daga tsohuwar gamba zuwa gawo naka ne. Na yarda. Amma ka wuce gawo da taki 2, wannan kuwa abincin yarana ne."

Ya ce shi ma da fushi ya yi dashen. Ƴaƴansa maza 5 ne, gonar ba ta isarsu. Ya ce ya so ya zo mu yi magana tun bazara, amma ya ga na daina ko gaishe shi. Maganar addini ko sau ɗaya ba ta fito daga bakinsa ba.

Ba a daren muka gama ba. Sai da muka zauna sau 3. A zama na biyu har muka ɗaga wa juna murya, na tashi na tafi gida. Na sake durƙusawa bayan rumbu. A zama na uku muka kira gwaggo, da limamin unguwarsu, da fastonmu. Muka tsaya a kan gawo. Hatsin da ya riga ya shuka a taki biyu nawa, muka ce ya girbe na bana, ya ba ni rabi.

Daga nan muka je gaban mai gari. A ƙasarmu Nijar, dokar karkara ta 1993 ta yarda a rubuta maganar gona a takarda, kuma sarakunan gargajiya suna da ikon sasanta masu rigimar gona. Aka rubuta tamu da shaidu. Na karanta sunana da na Yaya da idona kafin in sa hannu. Wannan ma amfanin karatu ne, kada ka yi wasa da shi.

Ba zan ɓoye maka ba, na yi hasara. Taki 3 ɗin nan suna ba ni dami 3 ko 4 a shekara mai kyau. Matata ta yi wata guda tana jin haushina. Har yau in na ga hatsin Yaya ya yi kyau a wurin, wani abu yakan taɓa zuciyata. In ya taɓa, sai in tuna da Ibrahim da Lutu a cikin Farawa sura 13. Makiyayansu sun yi faɗa a kan makiyaya. Ibrahim ne babba, amma ya bar Lutu ya zaɓi wurin da yake so, don kada zumunci ya lalace. Allah kuwa bai bar Ibrahim da yunwa ba.

Gawon yana nan. Ka san halin gawo, da damina yake zubar da ganye, hatsin da ke gindinsa ya fi na ko'ina kyau. Da rani kuma ya yi ƴaƴa. Yanzu yarana da na Yaya tare suke tsince su, su raba wa awakinmu.

To, ɗan'uwa, wataƙila kai ma kana da taka rigimar. Ko da matarka, ko da maƙwabci, ko da wani a cikin ikilisiya. Harshe da haƙori ma suna saɓawa. Kafin ka buɗe baki, ka ba Allah ƴan kwanaki. Kada ka je masa da hukuncin da ka riga ka yanke. Ka roƙe shi ya nuna maka naka laifin, ya nuna maka wanda za ka tambaya, ya kuma ba ka kalmar da za ka fara da ita. In gaskiyar da ya nuna maka tana da tsada, ka biya. In kuma akwai haƙƙinka a ciki, ka faɗe shi a fili, ba da zagi ba.

Allah ya ba mu hikima, ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Amin.

Tambayoyi

1. Me mai labarin ya fara roƙon Allah? Me fasto ya ce ya roƙa?
2. Me gwaggo ta gaya masa a kan iyakar gonar?
3. Don me ya fara da neman gafara da ya je wurin yayansa?
4. Wa za ka tambaya a garinku in maganar iyakar gona ta taso?