Maganin Sakin Ciki, Amma Kai Yake Gyarawa

Mu a unguwar nan, in dattijo ya fara yin barci da rana, dare kuma ya kwana surutai, ko ya kira ɗansa da sunan ƙanensa da ya rasu, sai mu ce iska ce, ko sammu, ko ruɗewar tsufa. Da yawanmu mun yi irin wannan jinya, musamman ta masu ciwon hanta da ido ya yi rawaya, ciki ya kumbura. In muka je Asibitin Sir Patrick Yakowa nan Kafanchan, ko aka tura mu Jos, sai likita ya rubuta wani ruwan magani mai zaƙi, wai shi lactulose, ya ce na sakin bayan gida ne. Nan muke turjewa: mutum kansa ya rikice, ina ruwansa da wankin ciki?

To, ga dalilin. Ƙwayoyin halittar da ke cikin hanjinmu suna fitar da wata guba, amoniya. Hanta mai lafiya takan tace ta, ta fita cikin fitsari. In hantar ta ƙandare, kamar yadda ciwon hanta nau'in B ke yi mata, gubar sai ta bi jini ta hau ƙwaƙwalwa. Shi ne mantuwar nan, da karkarwar hannu, har dogon suma.

Shi lactulose jiki ba ya tsotse shi. Yakan wuce babban hanji ya yi tsami, tsamin ya kama amoniyar, sannan ya jawo ruwa ya kore ta waje. Tun 1966 likitoci a Suwizalan suka fara amfani da shi a kan haka.

Aikin da ya rage namu ne, mu masu jinya. Abin da ake so shi ne bayan gida mai laushi sau 2 ko 3 a rana, don haka mu riƙa ƙirgawa. Tausayi kan sa mu ɓoye kwalbar, wai zawo na ƙarar da Baba, kwana kaɗan ruɗewar ta dawo. In ya zarce zawo sosai, likita za a gaya wa ya rage. Maganin barci kuwa a nisance shi. In an ga baƙin bayan gida, aman jini, zazzaɓi, ko barcin da ba a iya tashinsa, asibiti maza.

Addu'a ba mu bari ba, amma mu haɗa da cokalin nan. Sauran mutanen gida su je gwajin hanta, jarirai a yi musu rigakafi tun ranar haihuwa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.